Yadda ake ƙera adda da ƙarfen taitaniyam a maƙerar hannu

Maƙerin da ya saba da sifirin mota, ranar da ya fara ɗora taitaniyam a kan uwar maƙera zai tarar da cewa yawancin abin da hannunsa ya haddace ba ya aiki a nan. Maganaɗisu ba ya kama shi, ko da zafi ko da sanyi. Ban ruwa kaɗai ba ya sa shi tauri. Tartsatsinsa fari ne fat mai kashe ido, ƙurarsa kuma tana kama wuta. Duk da haka yana ƙeruwa da guduma da gawayi, kuma addar da za ta fito ba ta san tsatsa ba, ko da ta kwana a cikin ruwan gishiri. Sharaɗi biyu ne: ka ba shi wuta daidai yadda yake so, sannan ka cire ɓawon da wutar ta bar masa, kada ka rage ko kaɗan. In ka kiyaye waɗannan, sauran aikin haƙuri ne kawai.

Tun kafin ka kashe kuɗinka

Gara ka ji wannan tun yanzu: taitaniyam ba ya kai ƙarfen sifirin riƙe kaifi. A ma'aunin tauri na Rockwell, gamin da za mu yi aiki da shi yana zuwa da wajen 36, in an gasa shi yadda ya kamata ya hau zuwa 40 ko ɗan sama da haka. Addar baƙin ƙarfe mai kyau kuwa tana tsakanin 50 da 55. Wanda aikinsa saran busasshiyar ƙirya ne, ko fasa ƙashi a mahauta, ya riƙe sifirinsa, shi ya fi masa. Wannan adda ta mai aikin fadama ce, da masunci, da mai sheme ciyawa da ɗanyen kara, da mai doguwar tafiya a daji wanda nauyin kaya ke damunsa. Nauyin taitaniyam bai kai kashi 60 cikin 100 na baƙin ƙarfe mai girmansa ba, kuma hannu yana jin wannan bambanci bayan wuni guda ana sara.

Gamin da za ka nema sunansa Ti-6Al-4V, 'yan kasuwa kuma suna ce masa Grade 5. Kusan kashi 90 taitaniyam ne, 6 alminiyam, 4 banadiyam. An samar da shi a Amurka cikin shekarun 1950, ya zama ƙarfen jiragen sama, har yau kuma shi ne gamin taitaniyam da aka fi amfani da shi a duniya. Kada a sayar maka da Grade 2. Wancan taitaniyam ne zalla, ana yin bututu da tankuna da shi, kuma yana da laushin da kaifinsa zai naɗe tun saran farko.

Tsadarsa ba daga ƙarancin ma'adini take ba, don ana samun ma'adinin har a cikin yashin da masu haƙar kuza suka bari a tsaunukan Jos, Saliyo kuma ta daɗe tana fitar da shi zuwa ƙasashen waje. Tacewar ce ke cin kuɗi. Har yanzu hanyar da William Kroll, mutumin ƙasar Luksambag, ya ƙirƙiro wajen 1940 ake bi, da iskar kulorin da magnesiyam a cikin tukunyar da iska ba ta shiga. Ƙarfen ba ya narkewa sai a digiri 1,668 na Salshiyos, in ya narke a fili kuma yana zuƙe iska ya lalace. Saboda haka cire batun narka guntaye a zuba. Sanda za ka saya, ka ƙera ta yadda take.

In ta zo hannunka, gwada ta. Maganaɗisu ba zai kama ba. Ka taɓa gefenta da injin gurza ƙarfe: taitaniyam yana fesa farin tartsatsi mai haske, alminiyam ba ya fesa komai, ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa nasa ruwan goro ne kuma ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Waɗannan gwaje-gwaje za su nuna maka taitaniyam ne, amma ba sa rarrabe Grade 5 da Grade 2. Don haka ka sayi mai hatimi a jiki ko mai takardar shaidar masana'anta.

Awo da zane

Sanda mai faɗi ta fi mulmulalliya sauƙin aiki. Mai kaurin milimita 6, faɗin milimita 40, tsawon santimita 50 ta isa. Nauyinta wajen giram 530 ne. Da baƙin ƙarfe ce da ta kai 940. Da yake duka yana ƙara mata tsawo, daga ita za ka fitar da adda mai ruwa santimita 45 da mariƙi santimita 12 zuwa 13.

Addar kanti tana da kaurin milimita 2 zuwa 3. Kada ka kwaikwayi wannan. Taitaniyam yana lanƙwasuwa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe a ƙarƙashin nauyi iri ɗaya, kuma rashin nauyinsa yana rage ƙarfin sara. Maganin duka biyun shi ne kauri: ka bar bayan addar ya gama a milimita 4.5 zuwa 5, ka kuma tura nauyi gaba ta hanyar faɗaɗa cikinta zuwa milimita 55 a kusa da baki. Yanke siffar da kake so a kan falle na kwano, ka rataye kusa da uwar maƙera don ka riƙa gwadawa. Duk inda ruwan adda ya haɗu da mariƙi, a yi shi da lanƙwasa mai laushi. Kusurwa mai kaifi nan ce tsaga ke farawa, taitaniyam kuma ya fi baƙin ƙarfe jin wannan.

Kafin wuta, ka goge kusurwoyin sandar huɗu su ɗan yi sulɓi, ka wanke maiƙo da fenti da ke jikinta.

Wuta

Fara da share murhu. Duk ɓawon baƙin ƙarfen da ya taru daga aikin baya a kwashe shi, domin taitaniyam mai zafi in ya zauna a kan wannan ɓawo yana iya fizgar iskar da ke cikinsa ya ci wuta a wurin, ya bar maka rami. Gawayin ƙirya ya yi, amma ya zama busasshe ƙarau. Kada ka yayyafa wa wutar ruwa alhali sandar tana ciki kamar yadda wasu suka saba. Tururi yana ba ƙarfen iskar haidurojin, ita kuma tana shiga har cikin jikinsa ta sa shi gautsi, kuma gurzawa ba ta fitar da ita. In murhun gas kake da shi, daidaita harshen kada gas ya fi iska yawa, saboda wannan dalili.

Tara gawayi ya yi zurfi, ka sa sandar a tsakiyarsa, nesa da bakin zuga-zugi inda iska ke fesowa. Zafin da kake nema yana tsakanin digiri 900 da 950. A ido, cikin inuwar rumfa, ruwan goro ne mai haske wanda ya fara karkata zuwa rawaya. A wajen digiri 995 tsarin cikin wannan gami yana sauyawa. Sama da nan yana yin laushi sosai har guduma ta riƙa nutsewa, kuma abin yana da daɗi a hannu, amma ƙwayoyin ƙarfen suna girma da sauri, addar ta rasa juriya. In ma ka ɗan zarce a zagayen farko lokacin da kake rage kauri, ka tabbata duk zagayen ƙarshe an yi su ƙasa da wannan iyaka, domin dukan da aka yi a ƙasa shi ke sake murƙushe ƙwayoyin su yi ƙanana. In ka ga fari da tartsatsi a cikin murhu, wurin ya riga ya ƙone, sai yankewa.

Iyakar ƙasa ma tana da muhimmanci. Da zarar launi ya sauko zuwa ja, wajen digiri 800, ajiye guduma. A nan sandar takan yi tauri farat ɗaya, guduma ta riƙa dawowa, kuma in ka matsa sai gefuna su tsattsage. Tazarar aikin gajera ce ƙwarai, don haka duka kaɗan masu nauyi, sannan a koma wuta.

Akwai wani abu da ke yaudarar ido. Taitaniyam ba ya tafiyar da zafi a jikinsa da sauri. Baƙin ƙarfe ya ninka shi sau da yawa a wannan. In ka ɗora shi a kan uwar maƙera mai sanyi, fuskar da ta taɓa ta tana hucewa nan take alhali ciki yana da zafi, sai fatar ta tsage saboda ciki yana motsi ita ba ta yi. Don haka kafin ka fara, gasa wani ƙaton guntun ƙarfe ka ɗora a kan uwar maƙera na ɗan lokaci, ka ɗumama fuskar guduma ita ma, sannan ka share wurin tas. Haka kuma a murhu, waje yana yin launi kafin ciki ya ji. Ba shi ɗan lokaci zafin ya ratsa, amma kada ka bar shi yana jira kana hira.

Dalilin rashin barinsa ya daɗe shi ne ɓawon da na ambata. Za ka ga farin gari mai ɗan rawaya yana zuba daga jikinsa. Wannan na sama ne kawai. A ƙarƙashinsa iskar oksijin tana shiga cikin ƙarfen kansa ta mayar da fatarsa mai tauri da gautsi, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Kowane zagaye a wuta yana ƙara masa kauri. Shi ya sa ake zafafa santimita 10 zuwa 12 kawai a lokaci guda, a gama da wurin, a matsa gaba.

Ƙira

Riƙe sandar da awartakin da bakinsa ya yi mata daidai, domin tana da santsi, tana kuɓucewa in an doka. Kada ka yi tunanin yi mata waldar sandar baƙin ƙarfe don riƙewa. Haɗin ba ya riƙe, ɓallewa yake yi. Masabarka ko guduma mai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa, in kana da mai taya ka duka ya fi.

Fara da baki. Tsayar da sandar a kan gefenta, ka doke kusurwar ƙarshe ta koma ciki har siffar bakin ta fito, kana kwantar da ita bayan kowane duka biyu ko uku don kada gefen ya kumbura ya naɗe. Ka kula da wannan naɗewa sosai. A baƙin ƙarfe, ninkin da ya shige yana iya haɗewa da zafi. Taitaniyam ba ya haɗewa a buɗaɗɗiyar wuta. Duk ninkin da ka gani, bari ya huce, ka gurje shi har ya ɓace, sannan ka ci gaba. In ka doke shi ya shige ciki, ka binne tsaga ce da za ta buɗe wata rana a tsakiyar sara.

Daga nan sai faɗaɗa ciki. Yi amfani da siririn gefen guduma, layinsa yana bin tsawon sandar, don ƙarfen ya bazu zuwa gefe maimakon ya ƙara tsawo. Ka fara daga kusa da baki inda kake son faɗin milimita 55, kana raguwa zuwa wajen mariƙi inda 40 ɗin asali ya isa. Bayan kowane zagaye, share sawun da fuskar guduma mai faɗi. Rami mai zurfi da ka bari yanzu, da injin gurza za ka biya shi, kuma gurzar taitaniyam ba ta da daɗi.

Sai jan kaifi. Kawo gefen da zai zama kaifi bakin uwar maƙera, ka ɗan ɗaga bayan addar, ka doka a karkace. Duka nawa ka yi a wannan fuska, yi irinsu a ɗayar. Yayin da gefen ke sirancewa zai ƙara tsawo, addar ta lanƙwashe ta baya. Wanda ya saba yakan fara lanƙwasa ta gaba kaɗan tun kafin ya fara, sai jan kaifin ya miƙar da ita. In ba ka yi haka ba, kwantar da bayanta a kan kututture da zafinta, ka buga da gudumar itace. Tsaya idan gefen ya kai milimita 2.5 zuwa 3. Na san hannu zai so ya ci gaba, amma siririn gefe yana hucewa kafin guduma ta sauka, kuma ɓawo zai cinye shi daga fuska biyu har ba sauran lafiyayyen ƙarfe a tsakiya.

Juya sandar ka yi wutsiyar da za ta shiga ƙota. Ka bar ta da faɗinta, wajen milimita 30, ta ratsa mariƙin har ƙarshe. Siririyar wutsiya irin ta lauje ba ta dace da ƙarfe mai lanƙwasuwa haka ba.

Miƙarwa da zafi ake yin ta. In ya huce, duk yadda ka lanƙwasa shi sai ya koma inda yake. Duba ta baya da ido ɗaya, ka gyara a launin ja mai haske da gudumar itace.

Gashi

Yi wannan mataki tun ɓawon yana jiki, don kada ka gurje sau biyu. Hanya biyu ce, gwargwadon kayan aikinka.

In gawayi kaɗai gare ka, haƙa doguwar wuta da za ta ɗauki addar gaba ɗaya, ka riƙe ta a ja mai duhu, tsakanin digiri 700 da 780, na wajen awa ɗaya, sannan ka rataye ta ta huce a iska. Wannan yana sauke gajiyar duka, ya bar ta da taurinta na asali da juriya mai kyau. Ga aikin ciyawa da ɗanyen itace, ya wadatar.

In za ka sami tanderun lantarki mai ma'aunin zafi, akwai ƙari. Riƙe addar a wajen digiri 950 na minti 20 zuwa 30, ka ciro ka tsoma a ruwa nan take, a tsaye, cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Jinkiri yana ɓata aikin, don haka ruwan ya kasance a gefen ƙofar tanderun. Bayan wannan ba za ka ji ta yi tauri kamar sifirin da aka ba ruwa ba. Taurin yana zuwa ne a gashi na biyu: digiri 480 zuwa 595, na awa 4 zuwa 8, sannan a huce a iska. Ƙasan wannan tazara ya fi ba da tauri, samanta ya fi ba da juriya; ga adda, wajen 540 ya yi. Tsakanin gashin biyu ne lokacin gurje ɓawo da huda ramuka. In ta ɗan karkace a ruwa, matse ta tsakanin miƙaƙƙun faranti biyu masu tsabta a gashi na biyu, za ta fito a miƙe.

Gurza, da hattara

Nan ne haɗarin aikin yake. Fitar da injin waje ko inda babu ƙasa mai mai, babu fetur, babu tsumma. Share ƙurar baƙin ƙarfe da ta alminiyam da ke wurin. Sa tabarau mai ɗan duhu, da abin rufe hanci, da tufafin auduga. Ajiye bokitin ruwa inda tartsatsi ke sauka don ƙurar ta faɗa ciki tun ba ta taru ba. Amma in tarin busasshiyar ƙura ya kama wuta, kada ka watsa masa ruwa, kada kuma ka fesa masa abin kashe gobara na mota. Duka biyun suna iya ƙara masa ƙarfi. Busasshen yashi ko busasshen gishiri ake zuba masa a rufe shi. Ajiye bokiti guda na yashin ko gishirin kusa da ƙafarka kafin ka kunna inji.

Cire kusan rabin milimita daga kowace fuska, har baya da gefunan wutsiya. Magagari ne zai gaya maka ko ka gama: a kan ɓawo zamewa yake yi, a kan lafiyayyen ƙarfe yana ci. Bi addar da shi daga baki zuwa wutsiya, duk inda ya zame ka koma. Ɗan tsibirin ɓawo da ya rage shi ne zai tsage in addar ta lanƙwasa, tsagar kuma ta wuce cikin ƙarfen da ba shi da laifi.

Kada ka danna inji da ƙarfi. Zafi ba ya bazuwa, a wurin yake tsayawa, kuma ƙarfen yana manne wa dutse ya toshe shi. Gudu kaɗan, sabon dutse ko sabon bel, da yawan tsomawa a ruwa.

Huda ma haka take. Bakin huda mai gamin kobal, gudu a hankali, dannawa da ƙarfi ba tare da tsayawa ba, da mai ko ruwa yana zuba. In ka bar bakin yana juyawa ba ya ci, wurin zai yi tauri ya ƙone maka shi. Ramuka uku na milimita 5 sun isa.

Kaifi da ƙota

Yi kaifin mai ciki, wato fuskokin su ɗan kumbura su sauko a hankali, don a sami ƙarfe a bayan bakin yana tallafa masa. Kusurwar duka ta zama digiri 45 zuwa 50. Siririn kaifi irin na askar wanzami zai naɗe. Gama da dutsen washi da ruwa. Za ka ga wani siririn zare yana maƙale a bakin, yana komawa wannan gefe da wancan. Na taitaniyam yana da naci. Rage dannawa, ka sauya fuska a kowane ja, sannan ka goga a kan fata har ya faɗi. Wasu masu ƙera wuƙaƙen taitaniyam suna da ɗan injin da ke manna ƙwayoyin kabaid, wani sinadari mai tsananin tauri, a fuska ɗaya ta kaifin da tartsatsin lantarki, sai gefen mai laushi ya riƙa cinyewa ya bar mai taurin yana yanka. In ka samu, yana ƙara kwanakin kaifi sosai a kan igiya da ciyawa.

Ga ƙota, marke da kanya da maɗaci duk suna yi, in sun bushe. Yanke falle biyu, ka kankare fuskar wutsiya da sanfefa mai kaushi, ka wanke, ka shafa gam mai ruwa biyu, ka zura ƙusoshin tagulla ka take kawunansu. In addar za ta riƙa shiga ruwan gishiri, yi ƙusoshin da guntun taitaniyam, domin a irin wannan ruwa ƙarfen da ya taɓa taitaniyam shi ne ke cinyewa. Sassaƙa ƙarshen ƙotar ya ɗan yi ƙugiya don kada ta fita daga hannu mai gumi, ka shafa mata mai.

Mai son ado zai iya wanke ruwan addar tas kafin sa ƙota, ya bi shi da ƙaramin harshen wuta. Launi zai tashi daga ruwan zuma zuwa shunayya zuwa shuɗi. Ka tsaya a shuɗin, ka kuma nisanci bakin kaifi.

Kafin ta tafi gona, gwada ta. Matse bakinta tsakanin katako biyu, ka ɗan lanƙwasa ta hagu da dama. Ya kamata ta dawo a miƙe ba tare da wata ƙara ba. Sannan ka sari ɗanyen reshe mai kaurin hannu sau da yawa, ka duba kaifin a rana. In ya naɗe, kusurwar ta yi siriri, buɗe ta kaɗan. In ya ɓantare, akwai sauran ɓawo a wurin, sai ka koma baya da milimita ɗaya ka sake fitar da kaifin. Ka ɗinka mata kube na fata da ɗan aljihu a gefe na ƙaramin dutsen washi, domin za ta riƙa neman a taɓa ta sau biyu ko uku a wunin aiki.